Sunan da ke Gaban Lamba Bakwai

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Fergus. Ranar wata Talata ce a ƙarshen watan Fabrairu, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a wani gidan kula da tsofaffi da ke arewacin Birmingham. Ban da ma'aikaciyar jinya, mu uku ne a ɗakin: 'yarsa Morag, da ɗana na fari, da ni. Bai bar wata magana ba, domin ya kusa shekara guda rabonsa da haɗa jimla. Ma'aikaciyar ta duba agogonta ta rubuta lokacin. Ni ma na duba nawa, saboda wanda ya daɗe yana karanta labarai a rediyo ba ya iya barin abu ya faru bai san ƙarfe nawa ba.

Ba na zaton akwai mai karanta wannan shafi da ya taɓa jin labarinsa. Mutumin Scotland ne, bai taɓa taka Afirka ba, kuma wasan da ya ƙarar da rayuwarsa a kai, ƙwallon zari-ruga, yawancinmu a talabijin kawai muke cin karo da shi mu sauya tasha. Morag ta roƙe ni kada in ambaci sunan gidansu, na kuma amince. Abin da ya sa nake rubutu a kansa shi ne, ya yi mini wani abu guda da babu wanda zai iya yi mini a cikin dangina, kuma ban gode masa yadda ya kamata ba a lokacin da yake iya fahimtar godiya.

An haife shi a wani ƙaramin gari a kudancin Scotland, ƙasar tuddai da tumaki, inda kusan kowane gida yake ci daga masaƙar ulu. A can kowane gari da kulob ɗinsa na zari-ruga, kuma ranar da gari ya kara da maƙwabcinsa har shaguna ake rufewa. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, kowa da lambarsa a baya, kowace lamba da aikinta. Fergus lamba biyu ne. Idan ka taɓa ganin inda ƙarti takwas suka sunkuya suka haɗa kafaɗa da wasu takwas suna turereniya, to mai lamba biyu shi ne na tsakiyar sahun gaba, hannayensa duka a rataye a wuyan na gefensa, ba shi da abin kare fuska. Sa'ad da na san shi hancinsa ya karkata hagu, kunnuwansa kuwa sun dunƙule kamar ƙosan da ya kwana.

A zamaninsa wasan na sha'awa ne. Daga Litinin zuwa Juma'a kafinta ne a masaƙa, ranar Asabar ɗan wasa. Sau biyu aka kira shi ƙungiyar ƙasarsu, sau biyun duka a benci ya ƙare. Dokar wancan lokaci ba ta yarda a sauya ɗan wasa ba sai likita ya tabbatar ya ji rauni, shi kuwa wanda ke gabansa mutum ne mai ƙoshin lafiya. Al'adarsu ce a ba duk wanda ya taka fili da sunan ƙasa wata hula ta girmamawa. Fergus bai samu ba. Idan an taɓo maganar sai ya ce ai shi ba shi da ƙorafi, sau biyu aka ba shi kujera mafi kyau a birnin Edinburgh, har da bargo. Daga baya gwiwa ta ƙi, masaƙar ta rufe, ya sauko Manchester yana gyaran ƙofofi da tagogi, ranakun hutu kuma yana horar da yara a wani ƙaramin kulob a kudancin birnin.

Ni kuma mutumin Kazaure ne. Na yi shekara goma sha ɗaya ina karanta labarai a gidan rediyo kafin a turo ni ƙarin karatu. Na zo da mai ɗakina Hajara da ɗanmu na fari yana ɗan shekara uku, muka kama flat a Hulme, wata unguwa a Manchester, da niyyar shekara biyu. Karatu ya ja wani karatu, aka haifi ƙannensa biyu, na shiga aikin tafinta a asibitoci da kotuna, ga mu har yau.

Yaron yana da shekara goma sha ɗaya wani malamin makarantarsu ya ga yadda yake gudu ya tura shi wurin Fergus. Fergus ya dube shi mako biyu ya ba shi lamba bakwai. Aikin mai wannan lamba farauta ce: duk inda ƙwallo ya je shi ne zai fara isa, ya kayar da mai riƙe da shi, ya ƙwace, ya tashi ya sake bi. Aiki ne na mai naci, kuma yaron yana da shi.

Ni nake kai shi kowace Lahadi da safe. Shekara biyar ban fasa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. In na ajiye shi sai in wuce can ƙarshen fili, gindin wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci, in tsaya ni kaɗai. Sauran iyaye suna jere a bakin layi suna kiran sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dishe. Ni ban taɓa ɗaga murya ba. In an tashi, ko sun ci ko an ci su, abin da nake cewa ɗaya ne: "Shiga mota."

Mai karatu Bahaushe ya riga ya gane. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. A gidan da na tashi uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Kunya ce, kuma a wurinmu kunya ado ce. Mutanen gida suna ce masa Abba saboda sunan da ya ci, ni ko wannan ba na faɗa. "Kai" nake cewa, ko in ce wa uwarsa "ina yaron nan?" Ƙanwarsa Safiya kuwa ina kiranta sau ashirin a wuni, in ɗora ta a wuya, in yi mata waƙa. Haka mahaifina ya yi wa yayana, kuma ban taɓa jin yayana ya yi ƙorafi ba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da yaron da ya tashi a Hulme yake gani ba.

Wata Alhamis bayan la'asar, yaron yana da shekara goma sha shida, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajara ta leƙo ɗaki.

"Malam, kocin su Abba ne. Ya ce five minutes kawai. Amma fuskarsa ba ta five minutes ba ce."

Hawa uku ya hau da wannan gwiwa tasa, yana haki. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi. Da Turanci muka yi maganar, irin nasu na mutanen tuddai wanda sai da na shekara biyu kafin kunnena ya saba da shi.

"Yaronka ya ce mini ya bar wasa," in ji shi. "Daga wasan ƙarshe na bana ba zai dawo ba. Ya kuma ce da ya gama makaranta zai nemi jami'a mafi nisa da gidan nan."

Na ce ban san da wannan ba.

"Na tambaye shi dalili. Ya ce shekara biyar yana kayar da yaran da suka fi shi girma don wani mutum da ke gindin bishiya ya ce wani abu, mutumin bai ce ba. Ya ce bai tabbata ka san sunansa ba."

Raina ya ɓaci. Baƙo ya hau har gidana yana gaya mini yadda zan riƙe ɗana. Amma aikin rediyo ya koya mini cewa mai fushi ba ya iya bayani, sai na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, kamar ina gabatar da shiri. Na gaya masa mene ne ɗan fari a wurinmu. Na ce shirun da yake gani ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma wanda aka fi ji da shi ne ake yi wa. Na ce sunan nan na mahaifina ne, ba zan tsaya a bakin fili ina ƙwala shi kamar mai kiran akuya ba.

Ya saurare ni har na gama. Na ga fushinsa ya sauka, wani abu daban ya maye gurbinsa.

"A garinku, wa yake gaya wa yaro ma'anar shirun?"

Na ce ba a gaya wa yaro, sani yake yi.

"Ta yaya?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga amsar ba ta gefena take ba. A Kazaure ɗan fari yana da kaka da take ɗauke shi ta shagwaɓa shi, tana kiransa mijinta. Yana da baffanni da suke yabonsa a gaban ubansa don uban ya sunkuyar da kai kowa ya yi dariya. Yana ganin abokansa 'yan fari ana yi musu haka, ya san ba shi kaɗai ba ne. Gari ne gaba ɗaya yake fassara wa yaro shirun ubansa. Ni na ɗauko shirun na kawo Manchester, na baro garin a can.

Ban faɗa wa Fergus haka ba. Cewa na yi al'ada al'ada ce, ba zan sauya ta saboda ƙwallo ba. Ya miƙe, ya ce to, ya gode da lokacina. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "An ce mini da can a rediyo kake aiki." Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai ya fara sauka, mataki ɗaya bayan ɗaya.

Kwana goma tsakanin wannan rana da wasan ƙarshe. A cikinsu na yi niyyar yi wa yaron magana ya fi sau biyar. In na same shi a kicin sai in tambaye shi ko ya yi salla.

Fergus ba mai gardama ba ne, duk wanda ya yi aiki da shi ya san haka. In ya ga uba mai yawan zagin alƙalin wasa, sai ya miƙa masa tutar gefen fili ya ce ya taimaka. In ya ga yaro mai raina na ƙasa da shi, sai ya ɗora masa ɗaure wa ƙanana takalma. Kowace matsala a wurinsa aiki ce da ba a ba mai ita ba tukuna. Na san wannan hali nasa sarai, amma ban zaci zai biyo ta kaina ba.

Wasan ƙarshe na shekara a babban filin kulob ake yi wa yara, mai rumfar 'yan kallo da lasifika, a karanta sunayensu kamar manya. Wani dattijo ne yake wannan aiki tun kafin a haifi yaran. Saura minti goma sha biyar a fara, ina gindin bishiyata, sai ga Fergus yana ɗingishi da takarda a hannu.

"Mai rediyo, ka cece ni. Tsohon namu mura ta kama shi, muryarsa ta tafi. Sunaye talatin ne kawai, namu da na baƙi."

Na ce ya nemi wani.

"Wa? Dubi iyayen can. Rabin sunayen nan ba za su iya furta su ba. Akwai ɗan Poland, akwai 'yan Somaliya biyu, akwai wani da ni kaina shekara uku ina ce masa ɗan saurayi."

Ya san inda zai taɓa ni. A gidan rediyon da na koyi aiki, babban laifi shi ne ka ɓata sunan mutum. Shugabanmu na sashen labarai yakan ce suna amana ce, in ba ka san yadda ake faɗinsa ba ka tashi ka tambaya, kada ka haɗiye shi, kada ka tsallake. Na karɓi takardar. Na zaga wurin iyayen baƙi da namu ina tambaya ina sa alama da biro, kamar yadda na saba. Hankalina duk yana kan sunan ɗan Poland ɗin nan mai baƙaƙe biyar a jere. Sai da na hau ɗan ɗakin da makirufo yake, na shimfiɗa takardar, sannan idona ya sauka a layi na bakwai.

Na fara da baƙi, na gama su lafiya. Na shiga namu. Lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Muryar da na ajiye shekara goma sha uku ta dawo da kanta, har na ga wasu iyaye suna waiwayowa su ga wane ne. Lamba biyar. Lamba shida. Ta tagar ɗakin ina hango yaran a jere, nawa ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi.

A rediyo shirun daƙiƙa uku a tsakiyar labarai laifi ne da ake kiran mutum ofis a kansa. Na tabbata na yi biyar. Abin da ke raina a lokacin ba yaron ba ne, mahaifina ne, da yadda zai ji in an ce ɗansa ya kama sunansa ya watsa ta lasifika a ƙasar Turawa. Na duba ko akwai hanyar cewa "lamba bakwai" in wuce. Babu. Na karanta sunayen 'ya'yan mutane ashirin da ɗaya cikakku, ban tauye wa kowa harafi ba.

Na ce, "Lamba bakwai, Haruna," na cika da sunan gidanmu.

Bai ɗago kai ba. Hannayensa ne kawai suka tsaya a kan igiyar takalmin, har sai da na kai lamba goma sannan ya ƙarasa ɗaurin.

An ci su a ranar, ci mai yawa ma. Da aka tashi suka yi abin da ake yi a wannan wasa, suka jeru layi biyu suna tafa wa waɗanda suka doke su har suka wuce ta tsakiya. Muka shiga mota. Muka kama hanyar Hulme. A wata danja ya ce, da Hausarsa mai ɗaurin Manchester, yana kallon taga:

"Baba, ashe haka ake faɗinsa."

Na ce haka ake faɗinsa.

"Su coach kullum ja suke yi a tsakiya."

Na ce ai ba su sani ba ne. Danja ta ba mu hannu muka wuce. Iyakar abin da muka ce ke nan. A gida Safiya ta riga mu da labari. Hajara ta dube ni ta ce, "Malam, an ce yau har da mu a labaran duniya." Ita har gobe ba ta kiran sunan, kuma ban taɓa cewa ta kira ba.

Bai bar wasa ba. Da lokacin shiga jami'a ya zo ya zaɓi Birmingham, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, yana dawowa gida duk bayan mako biyu da jakar wanki.

Ban yafe wa Fergus nan take ba. A ranar wasan, da na shiga zauren kulob neman ruwan sha, na tarar da dattijon da aka ce muryarsa ta tafi yana ba da labari da ƙarfi, mutane suna dariya. Na yi mako uku ba na gaida Fergus. Tarko ya ɗana mini a kan abin da na gaya masa cikin amana, a cikin gidana, kuma har yau ina ganin yana da laifi a nan. Da na tare shi da maganar bai musa ba. Muna tsaye yana tattara ƙwallaye cikin buhu.

"Mahaifina bai taɓa fasa kallon wasana ba," in ji shi. "Bayan turken gola yake tsayawa, hannu a aljihu. Ranar da na zauna a benci a Edinburgh ya hau bas ya zo. Da muka haɗu a waje, ka san abin da ya ce? Ya ce an yi sanyi yau."

Ya ɗaure bakin buhun.

"Ranar da muka binne shi, abokan aikinsa na masaƙa suka ja ni gefe. Suka ce duk Juma'a, lokacin shan shayi, sai ya buɗe jaridar gari ya karanta musu sunayen 'yan wasan gobe da ƙarfi, daga ɗaya har sha biyar. Sun gaji da ji, amma ba mai hana shi. Sun san sha biyar ɗin yake karantawa don ya samu ya faɗi guda ɗaya ba tare da an ce yana alfahari ba. Ni a bakin kabari na ji wannan. Na so naka ya ji da kunnensa."

Daga wannan shekara ni na zama mai karanta sunaye a wasan ƙarshe, har Fergus ya yi ritaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wasan a yau. Wasu abubuwan na san zai yi tsaki. Zai ce benci ya zama tashar mota, ana shiga ana fita, ba wanda yake zama da bargo har a tashi. Zai yi gunaguni a kan iyayen da suke ɗaukar wasa a waya maimakon su kalla. 'Yan mata masu ɗankwali da suke buga wasan yanzu ba za su ba shi mamaki ba, zai dai tambaya wace ce mai naci ya ba ta lamba bakwai.

Akwai abu ɗaya da ban san me zai ce ba, kuma a nan ne ba zan wanke shi ba. A zamaninsa in yaro ya bugu a ka ya tashi yana layi, soso da ruwan sanyi ake shafa masa a ƙeya a ce ya koma. Haka aka yi wa Fergus, haka shi ma ya yi wa yaran da ke hannunsa, har da nawa, sau biyu ina kallo daga gindin bishiya ban ce komai ba. Yau doka ta hana. Yaron da ya bugu a ka fita zai yi, sai likita ya sallame shi. Morag ta yi imani cewa ƙwanƙwasar da kan mahaifinta ya sha a sahun gaba ita ta jawo masa ciwon mantuwa. Likitoci ba su tabbatar mata ba, ba su kuma ƙaryata ta ba. Ni ba likita ba ne. Na dai ga mutumin da ya riƙe sunayen yara ɗaruruwa a ka ya wayi gari yana tambayar 'yarsa ko ita ce sabuwar ma'aikaciya.

Da ciwon ya yi nisa Morag ta ɗauke shi zuwa Birmingham kusa da ita. Haruna yana can ya fara aiki, shi yake zuwa duba shi duk mako, ni kuma sau ɗaya a wata. Zama da shi ya yi wuya, domin ba ya gane mu, kuma baƙi suna tayar masa da hankali. Wata rana Morag ta kawo wata tsohuwar takardar wasa daga kulob ɗin garinsu, ta zamanin da yake bugawa, ta ce ko hotunan za su tuna masa wani abu. Bai kalli hotunan ba. Na karɓa, na gyara zama, na karanta sunayen da muryar aiki. Lamba ɗaya, wane. Da na ce lamba biyu na faɗi sunansa, sai ya gyara kafaɗu ya ɗaga hannayensa biyu gefe da gefe, kamar mai neman wuyan abokan sahu. Daga ranar duk zuwan da na yi sai na karanta masa sha biyar ɗin. Wani lokaci ya ɗaga hannu, wani lokaci barci yake. A nan ne na yi masa godiyar da na ambata a farko, kuma ba na jin ta isa inda aka aike ta.

In aka auna shi da ma'aunin masu lissafin wasanni, abin da ya bari kaɗan ne. Bai sami hular ƙasa ba. Kulob ɗin da ya horar bai taɓa cin wani kofi da za a tuna ba, kuma cikin yaransa babu wanda ya yi suna. Ni ma ba zan ce ya sauya ni gaba ɗaya ba. Ban yar da al'adar gidanmu ba, ban kuma yarda cewa mahaifina ya yi kuskure ba, domin shi yana da garin da zai yi masa fassara. Har yau in muna zaune a falo "kai" nake ce wa ɗana, shi kuma yanzu dariya abin yake ba shi. Da ya haifi tasa 'yar fari, kiran sunanta yake yi daga safe har dare, yana cilla ta sama a gabana, in kau da kai. Abin da ya sauya shi ne ya san ma'anar shirun, kuma ya san akwai wurin da shirun yake ƙarewa.

Haruna yanzu shi yake horar da yara ranar Asabar da safe a wani fili kusa da unguwar Lozells a Birmingham, 'ya'yan Pakistan da Somaliya da Jamaika da namu. Yaron da ya bugu a ka ba ya komawa fili, ko uban ya yi ta faɗa. Uban da ya cika faɗa kuwa tuta ake miƙa masa.

Asabar ɗin da ta wuce suka yi wasan tunawa da Fergus, kamar yadda suke yi kowace shekara a wannan mako. Na hau jirgin ƙarfe bakwai da rabi daga Manchester. Morag ta zo da flas ɗin shayi. Ba su da lasifika, don haka na tsaya a tsakiyar fili na karanta da baki, bayan na zaga na tambayi iyaye yadda ake faɗin kowane suna. Sha biyar na baƙi, sha biyar na gida, sannan layin ƙarshe na takardar, inda ake rubuta sunan koci. Na karanta shi ma. An ci su da tazara kaɗan, na dawo gida a jirgin ƙarfe huɗu.